Ɗan da Ya Kwanta a Cikin Yaya

Ni dai tun ina yarinya ba na kai abu baki sai na shanshana shi. Fura ce, tuwo ne, ko ruwan randa, sai hancina ya fara yarda. Innarmu ta doke ni a kan haka har hannunta ya gaji, ta ce wata rana zan ja mata abin magana a gidan mutane. Yayata kuwa, wadda nake bi, dariya kawai take yi, ta ce ni akuya ce da aka yi kuskure aka raɗa wa suna. Ita ko me ka miƙa mata cikin fara'a za ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa maka albarka. Haka muka tashi a Tama, ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya.

Aure ya kai ni Buza, inda maigidana ke gyaran babura kusa da kasuwa. Yaya ta zauna a Tama, ta auri wani mai garkar albasa a cikin kwari. Mutum ne mai neman na kansa. Da kuɗin Abijan ya haƙa rijiya a garkar, ya sayi injin ban-ruwa, sannan ya ci gaba da komawa can bida, wato ci-rani, kamar sauran mazan Adar, ya bar Yaya da dasa albasa da renon 'yarsu guda. Wata shekara ya dawo gab da damina, babu akwati babu tsaraba, sai tari da wando yana zame masa daga ƙugu. Mutane suka ce iskar teku ce ta kama shi. Ya ga an yanke gero a shekarar, amma bai ci sabon tuwo ba.

Bayan an share makoki, majon likitar Tama, wato babban malamin jinya na asibitin garin, ya kira Yaya gefe ya ba ta shawara a auna jininta. Ta zo Buza ta same ni ina daka, ta karɓi taɓarya ta jingine, ta ce, "Auta, sida ta." Da jin ƙanjamau ne, na zauna a ƙasa. Na ji tsoro, na kuma ji haushin mamacin ƙwarai, kuma ban ɓoye mata ba. Ita ce ma ta dinga ba ni haƙuri, tana cewa shi ma ai ba saye ya yi a kasuwa ba. Abin da ya sanyaya mana rai shi ne an auna yarinyar, ba ta da shi.

Muka shirya ta riƙa karɓar maganinta a Buza, don a Tama kowa ya san wanda ya zauna a kan kowane benci a likita. Ranar kasuwa take zuwa da buhun gabu, busasshen ganyen albasa da ake miya da shi, ta sayar da rabi, ta zagaya ta karɓo ƙwayoyinta, ta juye su a gwangwanin shayi a ɗakina, sannan mu ci abinci ta koma. Maganin ya karɓe ta. Kumatunta suka dawo, har tana iya ɗaukar buhun da kanta. Na ɗauka mun tsallake.

Ashe akwai wani abu da ba ta faɗa mini da wuri ba. Bayan rasuwar mijin, al'adarta ta ɗauke na 'yan watanni. Daga baya jini ya dawo, amma ɗis-ɗis, ba lokaci ba ƙa'ida. Ta je wurin tsohuwar unguwarzomar garinmu, wadda ita ta yanke mana cibiya mu duka biyu. Tsohuwa ta shafa mata mara da man shanu, ta danna nan ta danna can, ta ce ciki ne, amma firgitar mutuwar ubansa ta sa ya kwanta.

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba zai iya yin dariya, amma mu ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Ciki yakan kwanta, in ji manya, ya daina girma, ya yi shekara ko shekaru, sai ranar da Allah ya so ya tashi a haife shi. Malamai ba su musa ba. Na san wani direban kamyo, babbar motar kaya, a Madawa da ake cewa ya yi shekara biyu a kwance a cikin uwarsa, kuma duk wanda ya shiga motarsa zai shaida cewa har yau barcin bai sake shi ba. Ni dai abin da na lura da shi tun ina budurwa shi ne, yawancin cikin da ke kwanciya ba ya tashi sai maigida ya daɗe a Abijan. Ban taɓa faɗa a fili ba, don ina son haƙorana.

Amma na Yaya ba irin wannan ba ne. Ita babu abin da take rufewa. Da gaske ta yarda mijinta ya bar mata ɗa, kuma namiji, don ta ce ta gan shi a mafarki yana gudu tsakanin fangalan albasa. Tsohuwa ta ba ta saiwoyi ta riƙa jiƙawa, ta ce jinin nan abincin yaron ne ke zuba, in ya tsaya zai tashi. Ta kuma kafa mata doka guda: kada ta bari ƙarfe ya kusanci wurin, don kwantacce ba ya shiri da ƙarfe.

Cikin nan ya tsayar da abubuwa biyu a gidan. Takabar Yaya ba ta ƙare ba, tunda mai ciki ba ta fita takaba sai ta haihu. Gado ma ba a raba ba, tunda ba a raba gado ana jiran magaji. Kowa kuma ya san lissafin ba sai an je wurin malam ba: in namiji ne, garkar ta yaran ce da uwarsu, in babu shi, wan mijin yana da kaso mai kyau a ciki. Wan mijin nan dattijo ne mai sanyin murya, ana ce masa Alhaji. In ya gaishe ka sai ya tambayi lafiyar kowa har kajin gidanku. Ni ban taɓa sakin jiki da mutum mai tambayar kaji ba.

Albasa ta fita sau biyu, ciki bai tashi ba. A lokacin ne aka kawo sabuwar unguwarzomar likita a Buza, wata doguwar mata daga gabas, kowa na ce mata Madam. Ɗakinta yana jikin inda ake ba da maganin su Yaya. Ta fara tare matan da ke karɓar maganin tana cewa su shigo ta duba musu bakin mahaifa. Wasu suka shiga, wasu suka zille. Zance ya bazu cewa tana sa wa mace wani ƙarfe, ta zuba mata wani ruwa, daga nan haihuwa ta tsaya, wai don kada masu ciwon su ƙara haifo wasu. Yaya tana jin kalmar ƙarfe ta canza hanya. Ta koma shiga ta ƙofar baya, ta karɓi magani ta fice kanta a ƙasa.

Sai kuma Alhaji ya aiko matarsa ta ce wa Yaya, cikin nan ya daɗe, me zai hana ta je likita a duba ta. A makon ne Yaya ta hango shi a ƙofar likitar Buza yana sauke buhun albasa daga kan babur. Ta iso gidana tana haki.

"Auta, sun haɗa kai," in ji ta. "Da idona nig gane shi. Ya kai ma Madam albasa don ta hidda mini ɗana."

Wannan ce rana ta farko da na ji Yaya ta zargi wani mahaluki. Ni da zargi ya zame wa sana'a, sai na ji ba daɗi, kamar na ga tana sanye da zanena. Amma ban ce ƙarya take ba. Ni ma na ce, to me ya kai buhun albasa ƙofar likita?

Abin da ya tayar mini da hankali ya zo ne ta hanci. Wata ranar kasuwa Yaya ta shigo tana ƙamshin turaren wuta, ba kaɗan ba, irin wanda amarya ke turara kaya da shi. Mai takaba ba ta sa turare, kuma Yaya ba ta wasa da dokar addini. Na bar ta ta zauna, na kawo mata ruwa, na tsaya a kanta.

"Yaya, wa na?" na ce.

"Wa na mi?"

"Wanda kika ma turare. Hwaɗa mini tun ban ji ga bakin mutane ba. In aure kika so, a hidda ki takaba a ɗaura, ba sai an laɓe bayan kwantacce ba."

Ta dube ni kamar na mare ta. Ta juya fuska bango, hawaye na zuba. Ranar ba ta koma Tama ba, ta ce bayanta na ciwo. Da safe na kwashi wanki na haɗa da zanenta na ciki, ta yi wuf za ta ƙwace, na riga ta. Ina tsoma shi a ruwa ƙamshin turaren ya tafi, abin da ke ƙarƙashinsa ya fito. Wani ruwa-ruwa ne gauraye da jini, mai wari irin na albasar da ta ruɓe a tsakiyar buhu. Na san warin jinin al'ada, na san na biƙi, na haihu na kuma yi wa mata wankan jego. Wannan ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Da ma namijin da na zarga ne, da na fi murna.

Ban yarda da tsohuwa ba, ban yarda da Alhaji ba, ban kuma yarda da Madam ba. To amma cikin ukun nan Madam ce kaɗai zan iya shiga ɗakinta in ga kayan aikinta da idona. Na ɗauki mayafi na tafi, na ce ni ma a duba ni.

Ta ce in kwanta. Na ce sai na ga ƙarfen tukuna. Ta ɗauko shi daga cikin tukunyar da ake dafa su, ta nuna mini yadda yake buɗewa, ta ce hanya kawai yake buɗewa don ido ya ga bakin mahaifa, ba ya shiga cikinta. Na ce ruwan fa? Ta miƙo mini kwalbar. Na cire murfin na kai hanci. Binegar ne, wanda masu salati ke yayyafawa a bakin kasuwa. Na sake shanshanawa don kada a rufe ni da wani abu a ƙarƙashi. Binegar ne dai.

"To Madam, mi ya haɗa salati da mahaihwa?" na ce.

Ta yi dariya har tana riƙe tebur. Sannan ta ja kujera ta zauna ta yi mini bayani. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta da ake kira papiloma, tana wucewa tsakanin namiji da mace wurin kwanciya, kuma ta yi yawa ƙwarai, mata da yawa sun taɓa ɗaukarta ba su sani ba. Yawanci jiki yakan kore ta da kansa. Amma macen da ke da ƙwayar sida garkuwar jikinta ta yi rauni, sai papilomar ta samu wurin zama a bakin mahaifa, ta yi shekaru ba ciwo ba alama, tana ɓata wurin a hankali har ya zama kansa, abin da muke ce wa ciwon daji. Ta ce ko mace na shan maganinta daidai, haɗarin ya fi na sauran mata, shi ya sa take tare su. In an shafa binegar, wurin da ya fara ɓaci yakan yi fari, sai a ƙona shi nan take, mace ta koma gida, kuma ta haihu in Allah ya ba ta.

"In kuma har jini ya hwara zuba, da ruwa mai wari?" na ce.

Ta daina murmushi. "Ke ce?"

"A'a."

"To ko wace ce, ki kawo ta. Kada ki jira kasuwa ta zagayo."

Na bari ta duba ni, ta ce lafiyata lau. Ina ɗaura zane na ce, "Madam, Alhaji ya kawo miki albasa?" Ta ce wane Alhaji, ai garin nan kowa Alhaji ne kuma kowa na da albasa. Na kalli ƙwayar idonta. Ban ga komai ba, amma ban ce na wanke ta ba.

Na san in na ce wa Yaya ciwo ake zargi, ba za ta taka ƙofar ba. Sai na bi ta inda zuciyarta take. Na ce mata na kwanta an sa mini ƙarfen, ga ni ban mutu ba, kuma bai wuce ƙofa ba. Na ce ruwan binegar ne, hancina shaida. Na ce daga nan za a tura ta Tawa a yi mata eko, hoton ciki, mu dawo da hoton yaron mu ajiye a gaban Alhaji, ya bar aiko mata da matarsa.

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. "In sunka gane shi, ba su taɓa shi?"

"Ina tsaye kanki," na ce. "Ba mai taɓa shi ina da rai."

Ta yarda, don ta san ni ba a rufe ni. Haka ta faɗa da bakinta.

Na riƙe mata hannu a ɗakin, idona a kan fuskar Madam, ba a kan hannunta ba. Ta kunna tocila ta leƙa. Ko kwalbar binegar ɗin ba ta buɗe ba. Ta cire ƙarfen a hankali, ta wanke hannu ta daɗe tana wankewa, sannan ta ce wannan ya fi ƙarfin ɗakinta, mu tafi Tawa gobe.

A Tawa aka shafa wa Yaya wani abu mai sanyi a mara, aka yi ta zagayawa da na'ura. Ta ɗaga kai tana leƙen allon, tana neman hannu ko ƙafa a cikin duhun. Lokotoro, wato dokta, ya ce mahaifar babu kowa a ciki. Suka tsinki ɗan nama daga bakin mahaifar suka aika a bincika, suka ce mu dawo. Da muka dawo ya zaunar da mu ya ce kansa ce, amma bisa abin da suka gani ba ta bazu ba tukuna. In aka cire mahaifar gaba ɗaya a Yamai, da wuri, akwai kyakkyawan zato. In aka jira, ba shi da abin da zai ce mana.

Yaya ta saurare shi har ya gama, ta yi masa godiya, ta sa masa albarka. Muna fita ta ce mini kwantacce ai ba ya fita a hoto, ƙanƙancewa yake kamar ƙwallon dabino ya laɓe. Na ce lokotoro ya ce ciwo ne ya daɗe a wurin. Ta ce, "To kin ji. Su ma sun yarda abu shina iya zama shekaru cikin mace ba a gane shi ba. Nasu ciwo na, an yarda. Nau ɗa na, an ce ƙarya." Ta hau mota ta koma Tama, ta ci gaba da jiƙa saiwoyinta.

Ban san yadda labarin ya kai kunnen Alhaji ba, ni dai ban faɗa ba. Sai ji na yi ya buɗe rudunsa, rumbun da ake ajiye albasa a jira ta yi tsada, ya sayar tun kuɗinta bai tashi ba, ya ce kuɗin tafiya Yamai ne. Manomin albasa ba ya buɗe rudu a wannan lokacin ko gobara ake. Na hau kabu-kabu na tafi Tama, na same shi a zaure yana gyaran igiya. Ya fara tambayar mutanen gida. Na katse shi tun bai kai kan kaji ba.

"Alhaji, mi kaka so?"

Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai kan igiyarsa. "Na bizne ƙanena da hannuna," in ji shi. "Na san abin da yak kashe shi, ban hwaɗa ma kowa ba. Ba ni son in bizne matatai."

Muryarsa ba ta yi rawa ba, idonsa bai kawo ruwa ba. Maganar ta yi kyau. Amma in an cire mahaifa an cire magaji, kuma shi ma ya san haka. Na juya ta ta kowane gefe a kan hanyar zuwa garka, ban samu inda zan kama shi ba, ban kuma samu inda zan sake shi ba. Har yau haka nake da shi.

Na sami Yaya da hantsi tana juya ruwa daga fangali zuwa fangali, hannu ɗaya a kan ƙugu. Ta rame, leɓenta ya yi fari. 'Yarta tana can gefen rijiya tana wanke ƙafa za ta tafi lakwal, wato makaranta. Ban yi doguwar gaisuwa ba.

"Yaya, ni ban san ko akwai ɗa cikin ga ko babu ba," na ce. "Tsohuwa ta ce akwai, lokotoro ya ce babu. Amma wagga da ke bakin rijiya, ita kowa ya gane ta. Ubanta ya tahi. In kin bi shi, ɗakin matar Alhaji za ta tashi, kuma wanda ke kwance tare za a rufe ku. Wa kic cetar?"

Ta ajiye fartanyar. "Kin ce ba mai taɓa shi kina da rai."

"Na ce."

"To?"

"To na fasa. Ke nika so."

Ta tsaya tana kallon ruwan yana cika fangalin har ya tsallake ya shiga na gaba, ba ta toshe ba. Yarinyar ta zo ta wuce mu da jakarta, ta ce Inna sai na dawo. Yaya ta bi ta da ido har ta haura tudu. Sannan ta ce in je in gaya wa Alhaji ta ji.

A Yamai aka yi aikin. Na zauna a kan tabarma a ƙarƙashin wata bishiya tare da sauran masu jinya, na ƙi cin komai. Da la'asar aka ce an gama lafiya. Da ta farfaɗo, kafin ta nemi ruwa, ta ce a kawo mata abin da aka cire ta gani. Malamar jinya ta ce an riga an kai shi wurin bincike, haka ake yi wa kowa. Yaya ta juyo da kai wajena.

"Ke kin gane shi?"

"A'a."

"An buɗe shi gabanki?"

"A'a, Yaya."

"To ƙaƙa kis san ba shi ciki?"

Ni da ban taɓa yarda da abin da ban gani ba, ban taɓa ba, ban shanshana ba, aka yi mini wannan tambayar. Na buɗe baki in ce lokotoro ya faɗa, sai na ji yadda maganar za ta fito daga bakina, na haɗiye ta. Ta rufe ido.

Yaya ta warke. Binciken ya nuna an cire ciwon duka, kuma duk lokacin da aka ce ta koma a duba ta tana komawa, ba ta taɓa tsallakewa ba. Ta yi wankan fita takaba. Aka raba gado, Alhaji ya samu fangalan da ke kusa da rijiya, ita da 'yarta suka samu sauran. Tsohuwar unguwarzoma ta rasu tana cewa an yi ɓarna. Madam an yi mata canjin wurin aiki, wata ta maye ta, kuma yanzu matan da ke karɓar magani da kansu suke layi a ƙofar ɗakin, wasunsu ma ni na tura su. Yarinyar ta girma, tana koleji a nan Buza, a ɗakina take kwana, kuma tana da uwar da ke kawo mata gabu da ƙuli-ƙuli.

Ban yi nadama ba. Da za a mayar da ni garkar nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Ina da yaya mai rai, tana tafiya da ƙafarta, tana faɗa da masu sayen albasa. Sai dai in mata suka tambaye ta 'ya'yanta nawa, takan ce biyu, ɗaya an karɓe mata a Yamai. Ba ta taɓa cewa ni ce ba. Ba ta daina zuwa gidana ba, ba ta rage mini gaisuwa ba, ranar sallah ita ke fara aiko mini da tuwo.

Ranar kasuwar da ta wuce ta zo kamar kullum, ta juye ƙwayoyinta a gwangwanin shayi, ta zauna a bakin gadona tana fifita da mayafi. Na dama mata fura da nono mai kyau, yadda take so, ba sukari da yawa. Na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa mini albarka. Sannan ta ɗebo da ludayi, ta kai hanci, ta shanshana, kafin ta sha. Tun da muka dawo daga Yamai haka take yi, kuma a gidana kaɗai.